Ƙwaya 16 ko ƙwaya 6: wacce kwamfuta ce ta fi dacewa da gyaran hoto?

Mai Studiyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Zan sauya kwamfutar da muke aiki da ita a shago, kuma abu biyu ne a gabana. Ta farko ta hannu ce, HP Z620, furosesa biyu ne a cikinta, Xeon E5-2670, kowacce ƙwaya takwas (core, wato sassan furosesa da ke yin lissafi), jimla 16, ga RAM 64GB. Ta biyun haɗa min za a yi sabuwa, Core i5-12400, ƙwaya shida kacal, RAM 16GB. Kuɗinsu ya kusa zuwa ɗaya. Aikinmu hotunan biki da suna, fasfo, gyaran fuska, wani lokaci fosta. Photoshop da Lightroom Classic muke amfani da su. Mai sayarwa ya ce 16 ta kusa ninka 6 sau uku, don haka saurin ma haka zai kasance. Hankalina ya karkata can, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka san abin.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka biya tukuna. Lissafin mai sayarwan nan ba haka yake ba. Kafin in yi dogon bayani, amsa min: a yini, wanne ya fi cin lokacinku, zama a kan hoto ɗaya ana goge ƙuraje da gyara haske, ko fitar da hotuna ɗari biyar a lokaci guda?

Mai Studiyo:
Zama a kan hoto ɗaya ya fi yawa nesa ba kusa ba. Yaran nan biyu suna wuni a kai. Fitarwa sai an gama biki, mu saka ta da daddare ko lokacin sallar Magariba mu bar ta tana yi.

Injiniya:
To i5 ɗin ce taka. Ga dalili.

Yawan ƙwaya ba ya sa aiki ɗaya ya yi sauri sai in aikin yana rabuwa. Ka ɗauki shagon tela ana gobe Sallah. In riguna ɗari ne, tela goma za su gama da wuri fiye da tela uku, kowa ya ja nasa. Amma in babbar riga ɗaya ce, ko tela ashirin ka tara mata, ba za a yi aikin wuya ba sai an yanka an haɗa, sauran zama za su yi suna jira. A nan wanda hannunsa ya fi sauri shi ake nema.

Gyaran hoto ɗaya da burushi, da Healing, da zaɓar gashi, da jujjuya leya, mafi yawansa aiki ne na bi da bi. Ka ja burushi, sai manhaja ta lissafa ɗigon farko kafin na biyu, saboda na biyun a kan sakamakon na farko yake zama. Ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke ɗaukar nauyin. Ƙwayar E5-2670 kuwa ta 2012 ce, gudunta 2.6GHz, in ta matsa ta kai 3.3. Ta i5-12400 ta fito a farkon 2022, tana kai 4.4GHz, kuma a kowane bugu guda tana gama aiki fiye da waccan. In ka haɗa biyun, ƙwaya ɗaya ta i5 ta ninka ta Xeon ɗin sau biyu ko fiye. Wannan shi ne abin da yaranka za su ji a hannunsu daga safe har dare.

Mai Gyara:
Injiniya, da girmamawa, kada a yi wa Z620 rashin adalci. Ina buɗe irin waɗannan injinan kullum. An gina su ne don ofisoshin zane da injiniyoyi, fankokinsu da akwatin wutarsu ba irin na haɗin kasuwa ba ne. Sannan ka tsallake maganar RAM. 64 da 16 fa. Mai aiki da Photoshop da Lightroom a buɗe lokaci guda, ga burauza, 16GB cika take yi. In RAM ta cika, saurin ƙwayarka bai da amfani, faifai za a koma jira.

Hajiya Mai Zane:
Maganar RAM gaskiya ce, ni shaida ce. Fosta da katin biki nake yi. Mutane ba sa lissafa girman hoto bayan an buɗe shi. Kyamara mai 24MP tana ba da 6000 sau 4000. A fayil ɗin JPEG ƙarami ne, amma da zarar an buɗe shi a 8-bit ya zama kusan 72MB, a 16-bit kuma 144MB. Leya ɗaya ke nan. Ka kwafe ta sau goma, ka ƙara tarihin gyara da manhajar ke ajiyewa don komawa baya, sai ka ga inda RAM take tafiya.

Amma Malam Mai Gyara, maganin wannan ai ƙara RAM ne a kan i5 ɗin. A mayar da ita 32GB, sanda biyu na 16, an gama. RAM ana ƙara ta gobe ko jibi. Ƙwaya mai nawa kuwa ba a ƙara mata gudu.

Mai Gyara:
Hajiya, na yarda ana ƙarawa. Amma kuɗin ya daina zuwa ɗaya ke nan.

Ɗalibi:
Ina neman izinin manya in saka baki. Akwai lissafin da aka koya mana da ya dace da nan, dokar Amdahl. Gene Amdahl ne ya kawo ta a 1967, injiniya ne da ya yi aiki a IBM. Abin da take cewa shi ne ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin da za a samu.

Misali kawai, ba awo ba ne: aiki na daƙiƙa 100 a ƙwaya ɗaya, 80 daga ciki suna rabuwa, 20 ba sa rabuwa. Da ƙwaya 6, 80 ɗin ta koma kusan 13, a haɗa da 20, daƙiƙa 33. Da ƙwaya 16, 80 ta koma 5, jimla 25. Ƙarin ƙwaya goma daƙiƙa takwas kawai ya rage. Ko ƙwaya dubu aka kawo ba za a sauka ƙasa da 20 ba. Yanzu in ƙwayoyin nan shida sun ninka waɗancan gudu kamar yadda Injiniya ya ce, 33 ta koma ƙasa da 17. Shida ta doke sha shida.

Mai Gyara:
Ƙanena, kai ka zaɓi 80. Saka 95 mu gani, tunda fitar da hotuna a Lightroom kusan duk rabuwa yake yi.

Ɗalibi:
To Yaya. 5 ba sa rabuwa, 95 suna rabuwa. Mai 16: 5 da kusan 6, daƙiƙa 11. Mai 6 da ninkin gudu: 2.5 da kusan 8, daƙiƙa 10 da rabi. Kunnen doki.

Mai Gyara:
Ka ga ke nan a wurin fitarwa tsohuwar ba ta faɗi ba. Inji mai shekara fiye da goma ya yi kunnen doki da sabo. Abin da nake so a faɗa ke nan, kada a ce shara ce.

Injiniya:
Ba wanda ya ce shara ce, Malam. Amma dubi yadda maganar ta tsaya: a inda ta fi ƙarfi ta yi kunnen doki, a inda Alhaji ke wuni kuwa an ninka ta. Kuma akwai abin da lissafin ɗalibinmu bai ɗauka ba. Furosesa biyu ne a allo ɗaya, kowacce da nata RAM a gefenta. In ƙwayar da ke furosesa ta farko tana son bayanan da ke RAM ɗin ta biyu, sai ta bi ta gadar da ke tsakaninsu, wadda Intel ke kira QPI, kuma hakan ya fi jinkiri. Manhajojin saba an rubuta su da sanin wannan. Manhajar gyaran hoto ba lallai ta kula da inda ta ajiye yankin hoto da inda ta tura lissafinsa ba. Shi ya sa 8 da 8 a furosesa biyu ba su kai 16 a furosesa ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Ni tambayata wuta. Ku a can ban sani ba, mu nan in kuran ya ɗauke sai batir da sola. E5-2670 guda ɗaya wat 115 aka rubuta mata, biyu 230 ke nan, ba a saka katin girafik da fankoki ba. i5-12400 an rubuta mata 65, in ta matsa sosai ta kai 117. Wanda ke kan inbata zai ga bambancin a daren farko. Ga zafi. Watan Afrilu, ɗaki ba AC, inji yana hura maka iska mai zafi a ƙafa tun safe.

Mai Studiyo:
Wallahi wannan ta taɓa ni. Rabin yininmu a kan janareta muke, man fetur kuwa kun san yadda yake. Ban kawo wannan a lissafi ba sam.

Baban Yara:
Ni abin da ke ɗaure min kai daban ne. Tun 2005 aka fara sayar da furosesa mai ƙwaya biyu ga jama'a, Pentium D da Athlon 64 X2. Shekara ashirin ke nan. Har yanzu a ce manhajar gyaran hoto ba ta iya cinye ƙwaya takwas ba? Ni a ganina kasala ce ta masu rubuta manhajojin. Kana kallon Task Manager, kwamfuta tana ta jan ƙafa, amma an rubuta 8% kawai ake amfani da shi. Ina sauran 92?

Injiniya:
Baba, 8% ɗin nan ita ce amsar. A furosesa mai zare 12 irin i5 ɗin nan (zare shi ne layin aiki guda, kowace ƙwaya a cikinta tana ɗaukar biyu), zare ɗaya in ya cika maƙil, kashi ɗaya cikin sha biyu ke nan, wato kusan 8%. A mai zare 32 irin ta Z620, 3% za ka gani. Jimla ce ke ɓoye gaskiya. Ka danna dama a kan zanen CPU a Task Manager, ka zaɓi Change graph to, sannan Logical processors. Za ka ga akwatuna ƙanana, ɗaya ya cika har sama, sauran suna kwance. Wani lokaci Windows tana yawo da aikin daga wannan ƙwaya zuwa waccan, sai ka ga duk sun ɗan motsa, amma aikin guda ɗaya ne.

Batun kasala kuwa, akwai gaskiya kaɗan a ciki, amma ba ita ce duka ba. Bari in rarrabe.

Akwai aikin da ke rabuwa cikin sauƙi. Ƙara haske, sauya launi, Curves, Levels: kowane ɗigo lissafinsa nasa ne, bai damu da maƙwabcinsa ba. A yanka hoto gida-gida, a miƙa wa kowace ƙwaya nata. Gaussian Blur ma yana rabuwa, sai dai kowane gida yana buƙatar ɗan gefen maƙwabtansa, don haka ana maimaita wani lissafin a bakin iyaka. Amma ga abin da mutane ba sa lura: irin wannan aikin mai sauƙi, lissafinsa kaɗan ne, ɗauko bayanan daga RAM da mayar da su shi ne babban aikin. Ƙwaya huɗu sun isa su cika hanyar RAM. Ka ƙara goma, layi za su yi a bakin hanya ɗaya. Shi ya sa Hajiya ta ce sanda biyu, don a buɗe hanya biyu maimakon ɗaya.

Akwai kuma wanda ba ya rabuwa ko an so. Bokitin fenti da Magic Wand suna farawa daga ɗigon da ka danna su bazu zuwa maƙwabta, ba a san inda za su kai ba sai an je. Smudge yana jan launin da ya ɗauko daga baya. Rage launuka ta hanyar Floyd da Steinberg, wadda aka wallafa a 1976, kowane ɗigo yana tura kuskurensa ga na gaba da na ƙasa. Waɗannan ko yau aka rubuta manhajar daga farko, wahalar tana nan.

Sai na uku, tsohon gini. Photoshop 1.0 ta fito a 1990, lokacin ƙwaya ɗaya ce a ko'ina. Mayar da irin wannan manhaja ta yi aiki da zare da yawa ba ƙara layi biyu ba ne. In zare biyu suka taɓa yanki ɗaya na hoto a lokaci guda ba tare da tsari ba, hoton ya lalace, kuma irin kuskuren nan yau ya fito gobe ya ɓuya. Suna yi a hankali. A CS6, 2012, aka kawo ajiye fayil a bayan fage kana ci gaba da aiki. Sai a 2022 aka saka haɗa leya da zare da yawa a cikin saitin Performance.

Baban Yara:
Na gamsu da na farko da na biyu. Na ukun dai har yanzu ina ganin shekara ashirin ta yi yawa ga kamfanonin da ke karɓar kuɗin wata-wata.

Dattijo:
Ku bar ni in tuna muku yadda aka zo nan, don na yi aiki da Pentium 4. A wancan zamani ba ruwan mai manhaja, duk bayan shekara biyu gudun furosesa yana tashi, manhajarsa ta ƙara sauri ba tare da ya taɓa ta ba. Sai aka ci karo da zafi. Pentium 4 ta tsaya a 3.8GHz, a 2004 Intel ta soke wadda za ta gaje ta a wannan layin. Ba don gyaran hoto yana neman ƙwaya da yawa aka koma ƙara ƙwaya ba, hanyar ƙara gudu ce ta toshe. Nauyin ya koma kan masu rubuta manhaja, kuma ba kowane aiki ne ya karɓi sabon tsarin ba. Masu bidiyo da masu zanen 3D sun ci riba sosai, mu masu hoto rabi muka samu.

Hajiya Mai Zane:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya. Ni kuma zan ƙara da katin girafik, don na ga ba a tattauna shi ba. Abubuwa da yawa da suka fi nauyi yanzu ba furosesa ke yinsu ba. Juya hoto da zuƙowa sun koma kan kati tun CS4 a 2008. Liquify da Blur Gallery suna amfani da shi. Denoise, mai cire ɗigo-ɗigon hoton da aka ɗauka a duhu, da aka saka a Lightroom a 2023, wanda masu hoton biki na dare ke so, kusan gaba ɗaya aikin kati ne. Ko ƙwaya 32 gare ka, in katinka mai rauni ne za ka zauna jira. Alhaji, in kuɗi ya rage bayan RAM, can za ka kai shi.

Sai wata dabara ga mai manyan fayiloli. In ajiye PSD, wato fayil ɗin Photoshop, yana daɗewa, matse fayil ɗin ne ke cin lokaci, kuma wannan matsin ba ya bazuwa a kan ƙwayoyi yadda ake so. A Preferences, ƙarƙashin File Handling, akwai wurin kashe matsin PSD da PSB. Fayil zai yi girma sosai, amma a kan SSD ajiyewa za ta yi sauri. Ni ina kashe shi lokacin aiki, in na gama in kunna in ajiye na ƙarshe.

Mai Studiyo:
Hajiya na gode. Ta yaya zan gane ko RAM ce ke ƙare min a wadda nake da ita yanzu?

Hajiya Mai Zane:
A ƙasan tagar hoton akwai ɗan kibiya, danna ka zaɓi Efficiency. In tana 100%, komai a RAM yake. In ta riƙa sauka ƙasa da haka yayin aiki, manhajar ta koma rubutu a faifai. Ka bar ta a buɗe yini ɗaya kana lura.

Injiniya:
Akwai abu biyu kuma da suka shafi shekarun Z620. Na ɗaya, Windows 11 a hukumance daga Intel ƙarni na takwas take farawa, E5-2670 ba ta cikin jerin, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba 2025. Na biyu, akwai rukunin umarni da ake kira AVX2 wanda ya zo da ƙarnin Haswell a 2013. E5-2670 ta riga shi, ba ta da shi. Sababbin manhajoji sun fara sa shi a sharaɗi. Duk mai son sayen tsohuwar furosesa ya buɗe shafin sharuɗɗan manhajar da yake amfani da ita ya duba wannan kalma kafin ya biya.

Mai Gyara:
Wannan ta AVX2 ba ni da ja a kanta. In manhaja ta ƙi hawa, magana ta ƙare. Amma ina nan a kan cewa wanda ke da Z620 a hannu kada ya yar. A ajiye ta a gefe tana fitar da hotuna da adana fayiloli, sabuwar kuma tana gyara.

Mai Studiyo:
Na tsaya a kan i5, RAM 32GB sanda biyu, da SSD. Kati sai bayan bukukuwan ƙarshen shekara. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗan Damagaram:
Amin. Tunda an buɗe maganar, mu masu GIMP da darktable fa? Ni da su nake aiki, ba na biyan kowa.

Injiniya:
GIMP ta samu aiki da zare da yawa sosai ne daga 2.10, wadda ta fito a Afrilun 2018, bayan an mayar da sarrafa hoto kan injin GEGL. A Preferences, ƙarƙashin System Resources, akwai wurin da za ka ga adadin zaren da take amfani da su. Tana gane adadin da kanta, amma ka duba. Filtocin GEGL da yawa suna rabuwa, tsofaffin filogin kuwa da yawansu zare ɗaya suke bi. A wurin nan ma akwai girman ma'ajiyar gidajen hoto, in RAM ɗinka tana da yawa ka ɗaga shi.

darktable labarinta daban, don tun asali an rubuta ta da OpenMP, tsarin raba aiki ga ƙwayoyi, kusan kowane mataki na wanke RAW, wato ɗanyen hoton kyamara, yana bazuwa a kan duk ƙwayoyin da ta samu, kuma tana tura aiki ga kati ta OpenCL. RawTherapee ma da OpenMP take aiki. A irin waɗannan, ƙarin ƙwaya yana biya fiye da yadda yake biya a gyaran burushi.

Mai Gyara:
Ka ji ko. Mai darktable da Z620 ba zai yi kuka ba.

Ɗan Damagaram:
Sai dai batirina ya yi kuka, Malam. Laftof nake amfani da ita, ƙwaya huɗu. Abin da na lura, hotuna goma na farko suna fita da sauri, daga nan sai ta ja baya, fanka tana ihu. Ƙwayoyin ne suka yi kaɗan?

Mai Gyara:
Ba ƙwaya ba ce, zafi ne. In duk ƙwayoyin suka tashi lokaci guda, furosesa tana yin zafi, in ta kusa iyakarta sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A laftof wannan na faruwa cikin minti kaɗan. Bayan hunturu nakan buɗe laftof in tarar da ƙura ta yi kauri tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya har iska ba ta wucewa. A buɗe a share, a goge tsohon man da ke kan furosesa in ya bushe a sa sabo, a ɗaga bayanta daga tebur, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ka saka manhajar HWiNFO ka kalli zafi da gudun ƙwayoyin yayin da kake fitarwa. In ka ga zafi ya haura digiri 90 gudu kuma yana sauka, ka kai ta a share kafin ka yi tunanin sayen wata.

Ɗalibi:
Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Sababbin Intel da ake rubuta ƙwaya 10 ko 14, duk iri ɗaya ne?

Injiniya:
A'a, kuma masu saye su kula da wannan. Daga ƙarni na 12, ƙarshen 2021, Intel ta fara haɗa iri biyu a furosesa ɗaya: manya masu gudu da ake kira P, da ƙanana masu tsimin wuta da ake kira E. Apple ma haka ta yi a M1 a 2020, huɗu da huɗu. i5-12600K misali ƙwaya 10 ce a takarda, amma shida ne manya, huɗu ƙanana. A laftof abin ya fi tsanani: i5-1235U ƙwaya 10 ce, manyan biyu ne kawai, takwas ƙanana. Burushinka a kan manyan yake gudu, ƙananan suna taimakawa wurin fitarwa da ayyukan bayan fage. In za ka saya, ka tambayi adadin P ɗin, kuma ka sa Windows 11, don ita aka gina ta san wane aiki za ta tura wa wace ƙwaya. i5-12400 da Alhaji ya zaɓa duk shidan manya ne, babu ƙarama a ciki.